Ranar da Tarwaɗa Ta Juya Ciki

Mai gidan da muke haya a Sabon Gari yana wanke jarkokin maganin feshi a bakin rijiyar da muke sha. Na yi masa magana, ya yi dariya. Na yi wa matan gidan magana, suka ce in rufa musu asiri, samun ɗaki a Gusau yanzu ba wasa ba ne. To ni ba zan rufa ba. Wanda ya karanta wannan ya ga na cika zafi, ya je ya gani, ban zo neman a kira ni mai haƙuri ba.

Shagonsa na maganin gona yana jikin ƙofar gida. Idan manoma suka ƙarar da magani sai ya karɓi jarkokin, a tara su a tsakar gida, a wanke da garin sabulu, a kife a rana, 'yan ga-ruwa da masu manja su zo su saya. Ruwan wankin fari fat kamar an dama nono, ya gangara gefen rijiya ya nutse cikin ƙasa. Ranar da na fara jin warinsa ina tankaɗe, sai da na ajiye rariya. Wari ne mai kama maƙogwaro, kamar an jiƙa tafarnuwa a kananzir. Na san shi. Rabona da shi tun ina yarinya, tun ina bin kakata da moɗa a hannu.

A wani ƙauye bayan Nahuce aka haife ni. Rijiyarmu a cikin gida take, ƙarƙashin durumi, kuma rabin unguwa a nan suke ɗiba. Kaka, uwar babanmu, ita ce mai rijiyar ko da yake ba ita ta haƙa ba. Gajera ce, ba ta da yawan fara'a, idan ta kalle ka sai ka tuna laifin da ka yi shekaranjiya. A cikin rijiyar nan akwai tarwaɗa guda ɗaya, baƙa, mai dogon gashin baki. Ba ta ci ba ce. Kaka na kiranta mai gadi.

Kowace safiya idan rana ta ɗan ɗago, Kaka za ta fito da wani guntun madubi da ɗan gutsuren tuwon jiya. Ta karkata madubin har hasken rana ya faɗa ƙasan rijiya, sannan ta saki tuwon. Ni kuma in kama bakin zanenta in leƙa. Sai ka ga ruwa ya motsa, wani baƙin abu ya taso a hankali, ya buɗe baki ya haɗiye, ya kaɗa wutsiya ya koma. Sai a lokacin Kaka za ta ce, "Ku ɗiba." Kafin ta faɗi haka babu macen da ke jefa guga don ruwan sha, komai saurinta, na randa za ta yi ta lallaɓawa.

Na taɓa tambayarta dalili. Ta ce, "Ita a ciki take kwana. Abin da za shi kashe mu, ita za shi fara kashewa."

Da bazara, idan ruwa ya ja ƙasa, masu yasa kan zo. Kafin su taɓa laka sai an fito da mai gadi cikin guga an sa ta a kwatarniya, mu yara mu kewaye ta, Kaka na zaune da tsumagiya. Wani mai yasa mai barkwanci yakan ce, "Inna, ki bar mini ita ladan aikina mana, ta yi ƙiba, miya take kira." Kaka ta ce, "Ɗauka. Amma kai za ka shiga ka zauna madadinta." A yi ta dariya, ita ko murmushi babu.

A lokacin akwai dubagari. Daga Bunguɗu yake zuwa a kan keke, da kakinsa da doguwar ludayinsa ta ƙarfe. Da an hango shi mata su ruɗe, wannan ta kife tsohuwar tukunya, waccan ta wanke moɗa. Ya buɗe randa ya motsa, idan ya ga tsutsa ya tuntsurar da ruwan a gabanki, kuma mijinki ya amsa kira. Tsoronsa ake yi, amma a gidanmu yakan zauna ya sha ruwa. Ya leƙa rijiya ya ce wa Kaka, "Yaya abokiyar aikina?" Ta ce, "Ta fi ka zuwa aiki."

Shekarar da nake son ba ku labarinta, auduga ta yi kyau, tsutsa kuma ta faɗa mata. Malamin gona ya kawo magani a gwangwani da tankin feshi irin na goyo, aka zaɓi Baffa, ƙanen babanmu, aka koya masa. Baffa saurayi ne mai son a gan shi. Idan ya goya tankin nan ya ratsa gari sai ka ce soja. To ina za a haɗa magani in ba inda ruwa yake ba? A bakin rijiya yake haɗawa. Ya ja guga ya juye a tanki, ya tsiyaya magani, ruwa ya koma fari, wani lokaci ya cika ya tumbatsa. Idan ya dawo da la'asar, nan zai ɗauraye tankin, ya wanke rigarsa, ya wanke hannu, ya bar gugan a kan jiƙaƙƙiyar ƙasa. Zan faɗi gaskiya a kansa, bai sani ba. Babu wanda ya sani. Kaka kanta warin kawai take yi wa faɗa, wai yana hana ta jin daɗin goro.

Kwaɗin da ke taɓon bakin rijiya su suka fara yin shiru. Damina ce sosai, ko'ina kukansu ake ji, ban da gidanmu. Bayan su sai 'yan tsakin Inna, mahaifiyata, masu shan ruwa a taɓon. Ɗaya bayan ɗaya suka riƙa miƙe ƙafa. Aka ce ciwon kaji ne ya shigo gari, ko da yake kajin maƙwabta lafiyarsu lau.

Sai wata safiya Kaka ta saki tuwo, mai gadi ta taso amma ba ta ci ba. Tana ta kewaya saman ruwa tana buɗe baki kamar mai neman iska. Kaka ta daɗe a sunkuye. Ranar ba ta ce a ɗiba ba, ba ta ce kar a ɗiba ba, ta koma ɗaki. Washegari da hasken madubi ya faɗa ciki, abin da muka gani fari ne. Ban taɓa sanin cikin tarwaɗa fari ba ne sai ranar.

Kaka ta jawo guga ta naɗe igiyar, ta ajiye, ta zauna a kai.

Babanmu ya dawo daga gona ya tarar da mata tsaitsaye da tuluna. Ya ce, "Inna, lafiya?"

Ta ce, "Ba a shan wagga rijiya."

"Don kifi ya mutu? Inna, kifin nan ya girme ni. Tsufa ne."

"Tsufa ba ya kashe kwaɗi da kaji rana guda."

"To mi ya kashe su?"

Kaka ta ce ba ta sani ba. Ko an jefa wani abu, ko ƙasa ce ta ɓaci, ita dai ba a sha. Babanmu kuma ba mugu ba ne, yana da tasa hujjar. In ba rijiya ba sai rafi, ga nisa, ga ruwan ja kamar kunun kanwa, kuma kowa ya san a nan ake kwaso kurkunu. Ya ce, "Ki mai da mu rafi, kurkunu ya kwantar da mu, ga girbi na tahowa. Wa zai yanke geron?"

Aka ce a kira liman. Ku saurari abin da aka tambaye shi, don a nan komai ya lalace. Aka ce, "Malam, rijiyar da kifi ya mutu a ciki, ruwanta ya halatta?" Liman dattijo ne mai tsoron Allah, ya amsa abin da aka tambaye shi. Ya ce a fitar da kifin, a kwashe ruwa gwargwado a zubar, sannan a duba abu uku: launi, wari, ɗanɗano. Idan babu wanda ya canza, ruwa yana nan da tsarkinsa. Aka ɗaga Kaka daga kan guga da lallashi, aka yi yadda ya ce. Aka jawo ruwa a ƙwarya, garau, kana ganin zanen gindin ƙwaryar. Aka sansana, babu komai. Aka ɗanɗana, ruwa ne.

Kaka na bayan zana ta ɗaga murya. "Malam, ni ba alwala nika tambaya ba. Cikin ɗiya nika tambaya."

Liman ya ce, "Wannan kam, Inna, ba shi cikin abin da na karanta. Ni tsarki na faɗa."

Ya faɗi gaskiya, Allah ya jiƙansa. Amma maza sun riga sun ji abin da suke son ji. Baffa ya cika moɗa ya kafa kai ya shanye a gaban kowa, ya goge baki ya ce, "Ga ni nan, Inna. In na juya ciki ku sa ni a miya." Aka yi dariya, mata suka jefa guga.

Daga ranar Kaka, da tsufanta, ta ɗauki tulu ta riƙa zuwa rafi. Ta dawo ta tace da tsumma, ta tafasa, ta sa a randar ɗakinta. Ni a ɗakinta nake kwana, don haka ruwanta nake sha, mai warin hayaƙi, ina sha ina ɓata fuska. Dubagari kuwa bai zo ba, rafin da ke tsakaninmu da Bunguɗu ya kawo, keke ba ya ƙetarewa.

Ina da ƙanwa, tana tatata, tana shan nono tana shan kunu. Saura kaɗan a yaye ta, kuma a al'adarmu yaron yaye ɗakin kakarsa ake kai shi. Kaka ta samu babanmu ta ce, "A ba ni ita yanzu." Ya ce ba a yi rubutun yaye ba, an riga an sa rana, a bari wata ya kama. Ta ce wa Inna mahaifiyata, "To ki riƙa dama mata kunu da ruwan ɗakina." Inna na yi idan babanmu ba ya nan, idan yana nan ta ji kunyar a ce ta bi uwar miji ta ƙaryata miji da liman. Yarinya kuma mai tafiya, duk moɗar da ta gani sai ta kai baki. Baffa na nan yana ta haɗa maganinsa a bakin rijiya, domin babu wanda ya haɗa wannan da wancan.

Manya suka fara ciwon kai da jiri, aka ce zazzaɓin damina ne. Ita ƙanwata da azahar abin ya same ta. Tana wasa da ƙwaryar wake sai ta zauna. Miyau ya fara dalala daga bakinta kamar an buɗe tulu, gumi ya jiƙa ta, ƙwayar idonta ta tsuke ta zama kamar ƙwayar gero. Sai jijjiga. Aka ce iska ce, aka kawo hayaƙi, aka kawo rubutu. Da abin ya ƙi, babanmu ya saɓa ta a kafaɗa ya nufi Bunguɗu da gudu. A bakin rafi ya tsaya, ruwa ya kai wuya. Kafin la'asar sakaliya ya dawo da ita, a hankali yake tafiya, ya lulluɓe ta da rigarsa.

Masu gaisuwa suka ce kwana ya ƙare. Na yarda, har gobe na yarda. Amma Allah da ya yanke kwana shi ya ba mu ido, kuma ya aiko mana da kwaɗi da kaji da kifi, muka ce tsufa ne.

Kaka ba ta yi kuka a gaban mutane ba. Bayan an share makoki ta shiga daji ta jawo ƙayar magarya ta lafta a bakin rijiya. Wannan karon babu wanda ya ce mata don me. Aka haƙa wata a bayan gari. Har ta rasu ba ta san abin da ya shiga rijiyarta ba, kuma har ta rasu ba ta ƙara kiran Inna da sunan da take kiranta ba, sai dai "ke".

Ni ma ban sani ba, sai da na yi furfura. Na yi aure a Tsafe, na haifi na haifa, mijina ya rasu, 'yan bindiga suka tashe mu, na dawo Gusau. A nan na shiga makarantar yaƙi da jahilci, don na gaji da dangwala yatsa a abin da ban san me ya ce ba. Wata rana wata ma'aikaciyar lafiya ta zo ajinmu da jarkar maganin feshi, ta nuna mana 'yan hotunan da ke gindinta. Ga ƙoƙon kan mutum da ƙasusuwa. Ga hoton kifi an ja masa layi. Ta ce wannan yana nufin kada ya kusanci ruwa, ɗan kaɗan ya isa, kuma ba lallai ka gani ko ka ji warinsa a ruwan ba. Ta ce babba zai iya sha ya tashi da ciwon kai kawai, ƙaramin yaro ba zai tashi ba. Ta ce jarkarsa ko an wanke ba a zuba abin ci ko na sha a ciki, fasa ta ake yi. Na miƙe na fita waje na zauna a gindin katanga. Malamar ajin ta biyo ni tana, "Mama, lafiya?" Na ce mata lafiya, gaisuwar mutuwa nake karɓa, ta makara ne kawai.

Shi ya sa da na kama ɗaki a gidan nan na je wurin masunta na sayi tarwaɗa mai rai na saki a rijiya. Matan gida suka yi ta dariya. Maƙwabciyata, wata Kirista 'yar Kudu mai ɗinki da muke kira Madam, takan ce, "Mama, ɗan hayarki na ƙasa ya biya kuɗin wata kuwa?" Ita ba ta shan rijiya, wurin 'yan ga-ruwa take saye, tana ganin ta tsira. Rannan na kama hannunta na kai ta gaban kurar mai ruwanta, na juya jarka ɗaya na nuna mata hoton kifin bai gama gogewa ba. Ba ta ƙara tsokanata ba.

Makon jiya 'yata ta kawo mini ɗiyarta yaye. Tana tatata. Duk moɗar da ta gani sai ta kai baki.

Shekaranjiya na saki tuwo, tarwaɗa ta taso ba ta ci ba. Jiya da hantsi na haska madubi, na ga fari.

Na fito da ita cikin guga na ajiye a ƙofar shago. Na ce, "Alhaji, ga aikin jarkokinka."

Ya leƙo ya toshe hanci. "Haba Hajiya, kifi a rijiya, ba abinci ba iska, ai dole shi mutu. Wannan canfin mutanen ƙauye ne."

Na ce, "Tun bara take ciki ba ta mutu ba sai da ka fara wanki."

Ya taso har bakin rijiya, mata suka firfito. Ya sa aka jawo ruwa a kofin silba ya ɗaga sama. "Ku duba. Akwai launi? Akwai wari? Ni da shi nike alwala kullum." Sai ya kafa kai ya shanye, ya goge baki. "To ga ni nan, na mutu?"

Muryarsa nake ji amma Baffa nake gani, har yadda ya goge bakin. Na ce, "Kai ba za ka mutu ba, Alhaji. Wancan ma bai mutu ba. Ba kai nike ji ba." Na nuna masa yaran gidan, jikata da 'ya'yan sauran, suna tsaye suna kallonmu, wani da rigar makaranta, wata da ɗuwawu a waje.

Ya ce, "Wane wancan?" Sai ya sassauta murya, irin sassautawar da ta fi tsawa. Ya ce shi mutum ne mai mutunci a unguwar nan, ya taimake ni lokacin da na zo da ƙullin kaya a ka, idan kuma ruwan gidansa bai yi mini ba, gidaje da yawa a gari, wata na ƙarewa in nemi inda ya fi. Matan suka sunkuyar da kai. Ɗaya ta ja ni gefe ta ce, "Mama, don Allah ki bari. In aka rufe rijiyar wa zai saya mana ruwa? In ya kore mu ina za mu?" Ban ga laifinta ba. Maganar babanmu ce ta rafi da kurkunu, ta canza riga kawai. Kullum akwai dalili mai kyau na ci gaba da sha.

Da magariba na ga ta jefa guga ta dama wa ɗanta koko. Na hana jikata sauka daga bayana, na ba ta ruwan leda da Madam ta miƙo mini, wanda shi ma ban san daga wace rijiya aka ɗura shi ba, na dai ga tambari a jiki na ce bismillah. Madam ta ce, "Mama, akwai ofishin dubagari a sakatariya, har yanzu suna nan. Amma ban san ko za su saurare ki ba." Na ce ni ma ban sani ba. Ba su ƙara zuwa a kan keke suna buɗe randa, sai wanda ya je ya kira su. Kaka rafi ne ya raba ta da dubagari. Ni tsakanina da su kwalta ce.

Da gari ya waye, kafin kowa ya fito, na kwance igiyar guga na naɗe na sa a jakata. Na jawo murfin ƙarfen rijiyar na rufe, na cire kwaɗon ƙofar ɗakina na datse a kai, ɗakin na bar shi a buɗe. Na ɗura ruwan jiya a kwalba, na ɗauki jarka ɗaya daga cikin na Alhaji mai hoton kifi, na sa tarwaɗar a bokiti na rufe da faifai. Na goya jikata na ɗaure da majanyi sosai. Madam ta fito da gyalenta a kafaɗa ta karɓi jarkar ta biyo ni.

A bakin titi na tsayar da ɗan kabu-kabu. Ya ce, "Ina zuwa, Mama?"

Na ce, "Sakatariya, ofishin dubagari."

Ya kalli bokitin ya yamutsa fuska. "Mi ke wari haka a ciki?"

Na ce, "Abokiyar aikinsu ce ta mutu a bakin aiki. Ja mu je."